Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamitocin Gyaran Tsarin Mulki: Ku Waiwayi Sashe Na 45

Zuwa ga Mai Girma Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa, Sanata Barau Jibrin, da Mai Girma Mataimakin Kakakin Majalisar Wakilai, Benjamin Kalu, da sauran 'yan kwamitocin da Majalisa ta goma ta ɗora wa aikin duba tsarin mulkin Najeriya na 1999.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ban girma, da fatan Allah ya yi muku jagora a kan nauyin da ke wuyanku.

Duk lokacin da aka buɗe zancen gyaran tsarin mulki, abubuwan da ke cika kunne sanannu ne: ƙirƙiro sababbin jihohi, 'yan sandan jihohi, kuɗin ƙananan hukumomi, kujerun mata a majalisa. Kowannensu yana da masu kururuta shi, suna hayar motoci suna zuwa wajen jin ra'ayin jama'a da takardu a hannu. Akwai wani sashe guda da ba shi da gata irin wannan, alhali ya fi shafar mai shayi da ɗan acaɓa da ɗalibi fiye da yawan jihohi. Sashe na 45 nake nufi. A kansa na rubuto muku, da kuma irin Turancin da ake amfani da shi a ƙasar nan idan za a tauye wa mutum 'yancinsa.

Babi na huɗu na tsarin mulki ya jero haƙƙoƙin ɗan ƙasa cikin kalmomi masu daɗin ji. Sashe na 37 ya kare sirrin mutum da gidansa da wayarsa. Na 38 ya ba shi 'yancin tunani da addini. Na 39 ya ba shi 'yancin faɗin albarkacin bakinsa, ya kuma kare 'yan jarida. Na 40 ya ce yana iya taro da shiga ƙungiya, na 41 ya ce yana iya zuwa duk inda ya ga dama a cikin ƙasa. Sai mai karatu ya iso sashe na 45, a nan ne ake karɓe da hagu abin da aka ba shi da dama. Sashen ya ce babu wani abu a cikin waɗancan sassa biyar da zai rushe wata doka, matuƙar dokar hankali zai iya ba ta uzuri a ƙasar da ke bin dimokuraɗiyya, kuma an yi ta ne domin tsaron ƙasa, ko lafiyar rayukan jama'a, ko zaman doka da oda, ko tarbiyyar al'umma, ko kiwon lafiya, ko domin kare haƙƙin wasu. Shi ke nan. Bai faɗi wane ne zai auna uzurin ba, bai faɗi da wane mudu za a auna ba, bai kuma ce gwamnati ce za ta kawo hujja ba.

Ba ina cewa kada a taɓa taƙaita 'yanci ba ne. Wanda ya ga gari ya rikice, ana ƙone shaguna ana kwasar kayan mutane, ya san akwai ranar da dokar hana fita rahama ce. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da warware wannan: larura tana halatta abin da aka hana, amma ana auna ta gwargwadonta ne, ba a wuce iyakarta. Rabin farko na wannan ƙa'ida yana cikin sashe na 45. Rabi na biyu, wato gwargwado, shi ne aka bari a waje.

Ranku ya daɗe, ba a banza na ce an bari a waje ba, tarihin sashen ne ya nuna haka. A 1957 Turawan mulki suka kafa hukumar Willink domin ta saurari koke-koken ƙananan ƙabilu da ke tsoron danniya bayan samun mulkin kai. A rahotonta na 1958 ba ta yarda a ƙirƙiro sababbin jihohi ba, sai ta ba da shawarar a rubuta haƙƙoƙin ɗan Adam a cikin tsarin mulki. Aka ɗauko samfuri daga yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasashen Turai ta 1950, aka shigar da shi tsarin mulkin 1960. Amma a hanya an sauya abu guda. Yarjejeniyar Turai ta ce ba a taƙaita waɗannan haƙƙoƙi sai in taƙaitawar ta zama dole a al'umma mai bin dimokuraɗiyya. Namu ya sassauta, ya ce ya isa idan ana iya ba ta uzurin da hankali zai karɓa. Tsakanin abin da ya zama dole da abin da ake iya nema wa uzuri akwai tafiya mai nisa. Duk mai mulki yana da uzuri. Ingila da ta sa hannu a kan ma'auni mai tsauri domin mutanenta, ita ce ta bar mana mai sako-sako, mu kuma muka riƙe shi a 1963, muka maimaita a 1979, muka sake kwafowa a 1999, kamar gadon da ba a taɓawa.

Tun ba a je ko'ina ba aka ga amfanin da za a yi da shi, kuma a nan Arewa aka fara gani. Dokar yara da matasa ta Jihar Arewa ta 1958 ta haramta wa yara 'yan shekara 15 zuwa ƙasa shiga harkar siyasa, a zamanin da NEPU da NPC ke fafatawa unguwa-unguwa. A shari'ar da lauyoyi ke kira ta Cheranci da Cheranci, a 1960, babbar kotu ta tabbatar da dokar, ta kuma ce asali ana ɗaukar cewa majalisa ta yi daidai ne, wanda ke ƙorafi shi zai nuna akasin haka. Shekara guda bayan nan, kotun ƙoli ta tarayya ta tabbatar da dokar tunzura jama'a ta zamanin Turawa a shari'ar Chike Obi, masanin lissafi kuma ɗan siyasa, wanda aka kama da laifi saboda wata 'yar takarda da ya rarraba yana sukar gwamnati. Sai a 1983, a shari'ar Arthur Nwankwo, kotun ɗaukaka ƙara ta ce wannan doka ba ta dace da ƙasa mai 'yanci ba. Ku duba: kalmomin tsarin mulki kusan iri ɗaya ne a 1961 da 1983, amma hukunci ya bambanta kamar gabas da yamma. Abin da ya sauya shi ne alƙalan da ke zaune. Ke nan 'yancin ɗan ƙasa ya rataya ne a kan sa'ar alƙalin da ya faɗa hannunsa.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, domin shi daga zaurenku ya fito, ba daga hannun Turawa ko soja ba. Dokar laifuffukan intanet ta 2015, sashe na 24. Kamar yadda aka fara rubuta shi, sashen ya ce laifi ne mutum ya aika saƙo ta kwamfuta ko waya wanda ke da muni ƙwarai, ko kuma saƙon da ya san ƙarya ne da nufin jawo wa wani ɗaya daga cikin abubuwa goma sha ɗaya: ɓacin rai, takura, haɗari, cikas, cin fuska, cutarwa, tsoratarwa, gaba, ƙiyayya, mugun nufi, ko damuwa marar dalili. Hukunci: ɗaurin da zai iya kai shekara 3, ko tarar da za ta iya kai naira miliyan 7, ko duka biyun. Ɓacin rai, ranku ya daɗe. Wane ɗan siyasa ne ransa ba ya ɓaci idan aka ce bai gyara asibitin mazaɓarsa ba? Wane shugaban ƙaramar hukuma ne ba ya shiga damuwa idan aka sa hoton makarantar da rufinta ya yaye?

Wannan jerin kalmomi ba a Abuja aka ƙirƙire shi ba. Goma daga cikinsu suna nan, a jere kamar yadda suke, a sashe na 66A na dokar fasahar sadarwa ta Indiya, wanda aka ƙara a 2008. Ta goma sha ɗaya, damuwa marar dalili, tana cikin dokar sadarwa ta Birtaniya ta 2003. Ga abin takaicin: ranar 24 ga Maris 2015 kotun ƙolin Indiya ta soke sashe na 66A ɗungurungum, bisa hujjar cewa kalmominsa ba su da iyaka, mutum ba zai iya sanin inda halal ta ƙare haram ta fara ba, kuma abin da ya ɓata wa wani rai ba lalle ya ɓata wa wani ba. A watan Mayu na wannan shekarar, ƙasa da wata biyu bayan nan, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan tamu dokar. Mun tsinci abin da masu shi suka jefar a bola, muka wanke muka sa a falo. Ba wannan ne karon farko da doka ta zo mana daga Indiya ba, domin kundin Final Kod na Arewa ma ta Sudan ya biyo daga kundin Indiya na 1860, amma wancan aƙalla an zauna an yi shawara a kansa kafin a karɓa.

Abin da ya biyo baya kun san shi. 'Yan jarida da masu rubutu a Facebook da dama sun kwana a ofishin 'yan sanda a ƙarƙashin wannan sashe, galibi bisa ƙorafin wani mai muƙami. Da yawa daga cikin shari'o'in ba su kai ga hukunci ba, kuma ba a buƙatar su kai. Kamun, da tafiya da mutum Abuja cikin dare, da neman beli, da kuɗin lauya, su ne hukuncin. Kotun ECOWAS ta ce a 2020 sashen ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki, ta sake faɗa a 2022. Sai a Fabrairun 2024 kuka gyara shi, Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu. Na yaba, an cire ɓacin rai da 'yan uwansa. Amma an bar wata ƙofa: saƙon ƙarya da aka aika da nufin jawo rushewar doka da oda. Wannan ma riga ce da ake iya sa wa kowa, kuma ba a daina kamun ba.

Akwai wata dabara da Turancin hukuma ke da ita wadda ya kamata a faɗa a fili, ita ce sa wa doka sunan da ya saɓa wa aikinta. Dokar soja mai lamba 4 ta 1984 sunanta dokar kare ma'aikatan gwamnati daga zargin ƙarya. Amma a cikinta an haɗa har da labarin da zai jawo wa gwamnati abin kunya, kuma da ita aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian shekara guda. Mai lamba 2 ta wannan shekarar sunanta dokar tsaron ƙasa, aikinta tsare mutum ba tare da shari'a ba. Za ku ce wannan zamanin soja ne. To, a 2015 Sanata Bala Ibn Na'Allah ya kawo ƙudirin da aka ce na hana ƙorafe-ƙorafe marasa tushe ne, sai da jama'a suka yi ca a kansa aka janye shi a 2016. A 2019 Sanata Mohammed Sani Musa ya kawo na kariya daga ƙarya a intanet, wanda mutane suka lura ya yi kama ƙwarai da dokar da Singafo ta yi a wannan shekarar. A lokaci guda Sanata Aliyu Sabi Abdullahi ya kawo na kalaman ƙiyayya, har da hukuncin rataya a ciki. Dukkansu da kalmar kariya ko hani ga mummuna suka zo. Mutanen gari ba su ruɗu ba, a gidajen rediyo da majalisun shayi sunan toshe baki suka ba su.

Haka abin yake a sanarwar yau da kullum. Ba a kama mutum, gayyatarsa ake yi ya amsa tambayoyi, gayyatar da ke zuwa da motoci biyu da bindigogi. Ba a rufe kafa, dakatar da ita ake yi. Ranar 4 ga Yuni 2021, kwana biyu bayan Twitter ta goge wani saƙo na Shugaba Muhammadu Buhari, ministan yaɗa labarai Lai Mohammed ya sanar da dakatar da ita har sai abin da hali ya yi, wai ana amfani da ita wajen abubuwan da ka iya girgiza ɗorewar Najeriya a matsayin ƙasa ɗaya. Ba a ambaci wata doka ba, ba a je kotu ba, amma ministan shari'a ya yi barazanar gurfanar da masu ci gaba da amfani da ita. Sashe na 36 na tsarin mulki ya ce ba a hukunta mutum sai a kan laifin da rubutacciyar doka ta bayyana, ta kuma faɗi hukuncinsa. Wace doka ce ta haramta shiga Twitter? Babu. Dakatarwar ta kai 13 ga Janairu 2022, kuma a Yulin wannan shekarar kotun ECOWAS ta ce haramtacciya ce. Sai dai an riga an yi, masu sana'a ta wannan kafa sun riga sun tafka asara.

A nan zan ɗan ratse, domin akwai darasi ga duk wanda ke kan kujera yau. A Satumbar 2003 'yan sanda suka tarwatsa gangamin jam'iyyar ANPP a Kano da barkonon tsohuwa, bisa hujjar cewa ba a karɓi izini ba kamar yadda dokar zaman lafiyar jama'a ta 1979 ta tanada. Buhari ne ɗan takarar shugaban ƙasa na jam'iyyar a lokacin, kuma mataimakinsa Chuba Okadigbo, wanda ke wurin, ya rasu 'yan kwanaki bayan nan. ANPP da wasu jam'iyyu suka kai ƙara, kuma a 2007 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar cewa neman izinin 'yan sanda kafin taro ya saɓa wa tsarin mulki. Wato waɗanda suka ci moriyar wannan hukunci suna adawa, su ne suka rufe Twitter da suka hau. Ba zagin mamaci nake yi ba, Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Nuni nake yi cewa babu jam'iyyar da ta tsira daga wannan jarrabawa, shi ya sa ba a barin abin ga kyawun halin mai mulki. In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Kuma har gobe za ka ji kwamishinan 'yan sanda a rediyo yana cewa ba a ba da izinin zanga-zanga ba, kamar hukuncin 2007 bai taɓa faruwa ba, domin sassan da kotu ta soke ba ku goge su daga littafin doka ba.

Zamfara kuwa misali ne na inda uzurin gaskiya ne, amma gwargwado ya ɓace. A farkon Satumbar 2021 aka katse layukan waya a faɗin jihar domin yaƙi da 'yan bindiga, daga baya aka haɗa da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Mako biyu aka ce da farko, a wurare da dama aka haura wata biyu. Aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da fetur a jarka. Ba wanda zai yi musun cewa matsalar tsaro ta kai a ɗauki mataki mai zafi. Amma wa ya zo gabanku ya yi bayanin abin da katsewar ta haifar? Wa ya lissafa ƙauyukan da aka kai wa hari ba su da hanyar kiran agaji, ko masu ciki da aka rasa yadda za a kira musu mota? Babu dokar da ta tilasta wa kowa yin wannan bayani, domin kalmar tsaro ita kaɗai ta wadatar. A kullen korona ma, da dokar killace masu cuta ta 1926 aka yi aiki, kuma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta ba da rahoton cewa a makonni biyun farko jami'an tsaro sun kashe mutum 18, adadin da ya fi na waɗanda cutar ta kashe a lokacin.

Duk wannan da na lissafa matsala ce ko ga wanda ya yi digiri a Turanci. To, ina ga wanda bai taɓa shiga aji ba? Miliyoyin mutanen da kuke wakilta ba sa karanta harshen da aka rubuta iyakar 'yancinsu da shi. Suna sanin doka ne ranar da ta faɗo musu a ka. Tsarin mulki da kansa ya san da wannan. Sashe na 35 ya ce duk wanda aka kama a sanar da shi dalili a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji, kuma a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40. Sashe na 36 ya ba shi tafinta kyauta. Ku tambayi duk lauyan da ke zirga-zirga a kotunan majistare sau nawa ya ga takardar kamu da Hausa. Tafinta kuma sau da yawa ma'aikacin kotu ne da aka yafito, ya taƙaita tuhuma mai layi goma da cewa "an ce ka tayar da hankalin jama'a, ka yi ko ba ka yi ba?" A Nuwambar 2024 duniya ta ga yaran da aka kwaso daga Kano da Kaduna bayan zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta, aka gurfanar da su a babbar kotun tarayya a Abuja bisa tuhumar cin amanar ƙasa, wasu suna faɗuwa a gaban alƙali saboda galabaita, sai da shugaban ƙasa ya ba da umarnin a sake su. Ina so in san ko akwai wanda ya zaunar da waɗannan yara ya bayyana musu da Hausa abin da cin amanar ƙasa ke nufi a doka, da hukuncin da ke kansa.

Sashe na 55 ya ce Majalisar Dokoki ta Ƙasa za ta gudanar da aikinta da Turanci, da kuma Hausa da Ibo da Yarabanci idan an yi tanadin da ya dace. Wannan alkawari yana nan tun tsarin mulkin 1979. Fiye da shekara 40 ke nan ana jiran tanadin. Majalisar Jihar Arewa a Kaduna da Hausa da Turanci take muhawara tun kafin a haifi yawancinku, ba ta da kwamfuta ba ta da intanet. Tanzaniya ta yi gyara a 2021 ta mayar da Suwahili harshen dokoki da kotuna. Afirka ta Kudu ta fitar da tsarin mulkinta na 1996 da harsunanta na hukuma goma sha ɗaya. Maƙwabciyarmu Nijar a 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ko da yake ayyanawa daban, aiki da shi a kotu daban. Na san an yi ƙoƙarin fassara tsarin mulkinmu nan da can, amma fassarar da ba ta da ƙarfin doka, wadda lauya ba zai iya ɗaga ta a gaban alƙali ba, kyauta ce kawai.

Kuma akwai wata fa'ida a fassara da ba a cika lura da ita ba. Dokar da aka tilasta wa mai rubuta ta ya faɗe ta da harshen da mahaifiyarsa ke ji, dole ya san abin da yake nufi. Da an ce wa wanda ya kawo sashe na 24 ya tashi a zauren majalisa ya karanta da Hausa cewa za a ɗaure mutum shekara uku saboda ya ɓata wa wani rai, ina kyautata zaton da kunya ta hana shi ƙarasawa.

Abin da nake roƙo ba sabon abu ba ne a Afirka. Ku ɗauko sashe na 24 na tsarin mulkin Kenya na 2010 ku ajiye shi kusa da namu na 45. Na Kenya ya ce kafin a yarda da wata taƙaitawa sai an duba irin haƙƙin da za a taɓa, da muhimmancin dalilin, da girman taƙaitawar, da kuma ko akwai wata hanya mai sauƙi da za ta kai ga biyan buƙata ba tare da an tauye mutane haka ba. Ya ce duk sabuwar dokar da za ta rage wani haƙƙi sai ta faɗa ƙarara cewa nufinta ke nan, ta kuma faɗi iyakar ragin, in ba haka ba ba ta da inganci. Sannan ya ɗora wa gwamnati nauyin gamsar da kotu, ba talakan da aka tauye ba. Sashe na 36 na Afirka ta Kudu ma kusan haka yake. Ba na cewa 'yan sandan Nairobi sun zama waliyyai saboda wannan, kowa ya ga abin da ya faru a zanga-zangarsu ta 2024. Amma alƙalin Kenya yana da tambayoyi rubutattu da dole ya yi wa gwamnati, namu kuwa sai abin da zuciyarsa ta ba shi.

Na san gyara babi na huɗu ba wasa ba ne. Sashe na 9 ya ce sai da amincewar kashi huɗu cikin biyar na dukkan 'yan kowace majalisa, wato sanatoci 88 cikin 109 da wakilai 288 cikin 360, sannan majalisun jihohi 24 cikin 36. An sa wannan shinge ne domin kada a rage haƙƙin jama'a cikin sauƙi, ga shi yanzu ya zama shingen da ke kare raunin da ke ciki. Duk da haka ku gwada, a ga wanda zai tashi ya ce shi bai yarda gwamnati ta kawo hujja kafin ta hana mutane magana ba. A rubuta sunansa, mutanen mazaɓarsa su sani.

Kafin a kai ga wannan, akwai abin da ke hannunku wanda ba ya buƙatar jihohi 24. Kuna iya sa wa a ƙa'idojin zaurenku cewa duk ƙudirin da ya taɓa sassa na 37 zuwa 41 sai ya zo da takarda mai shafi ɗaya da ke faɗin wane haƙƙi zai rage, saboda me, har zuwa yaushe, kuma me ya sa hanya mai sauƙi ba za ta wadatar ba. A fitar da wannan takarda da Hausa da Yarabanci da Ibo, da Fulfulde da Kanuri da Tibi da sauran harsunan da ake watsa labarai da su, a karanta a rediyo kafin karatu na biyu, ba bayan an sa hannu ba. Kuna iya yin doka cewa duk umarnin hana fita, ko katse layin waya, ko rufe kasuwa, sai ya ambaci sashen dokar da ya dogara da shi da ranar da zai ƙare, kuma in za a tsawaita sai an dawo gaban majalisa. Kuna iya goge sassan neman izinin taro da kotu ta riga ta soke tun 2007. Kuna iya komawa kan sashe na 24 ku bayyana abin da rushewar doka da oda ke nufi, ta yadda ɗan sanda mai igiya biyu da ɗalibin sakandare za su fahimce shi fahimta ɗaya.

Mai Girma Sanata Barau, kai ɗan Kano ne, ka san yadda ake sauraron shirye-shiryen siyasa na rediyo da daddare a garin nan, ka san mutanenmu ba sa gajiya da muhawara idan an yi ta da harshensu. A zaman jin ra'ayi na gaba da za a yi a Arewa, ina roƙon ka sa a karanta sashe na 45 da Hausa a gaban jama'a, daga farko har ƙarshe, sannan a ba su makirfo.

Wassalam.

Naku,
Wani mai zaɓe daga Kano